Rubutun Bangon Mangaza

Rabi na cikin goge allonta da bakin zane, idonta ya sake komawa kan bangon. Tun shigowar damina farar ƙasar da aka shafa masa take kumbura tana zubowa, kuma a ƙarƙashinta akwai wasu zane-zane can ƙasa, daidai inda hannun wanda ke zaune a daɓe zai kai. Da can ta ɗauka aikin gara ne. Yau kuwa, bayan wata biyar tana zuwa ajin yaƙi da jahilci, ta ga wani zane a tsaye, wani a lanƙwashe kusa da shi. Ta san gara ba ta yi lakwal ba, balle ta iya rubutu.

A tsohuwar mangaza ake ajin, wani dogon ɗakin ajiyar hatsi a bayan kasuwar Filinge, kullum bayan la'asar. Mata ashirin ne da tsofaffin maza uku. Malamarsu Madam Muna, 'yar Yamai, ba ta da magana sai gemu ba ya hana ilimi, har matan suka fara tambayarta ina ta ga gemu a fuskarsu. Ba mai son zama jikin bangon gabas. Ko da bazara sanyi yake fitarwa, kuma in aji ya maimaita karatu ya yi shiru, sai a ji kamar wata murya ta makara, tana ƙarasawa ita kaɗai. Madam ta ce rufin kwano ne. Rabi ce ke zama a wurin, don sai ta gama sayar da koptonta, kwaɗon zogale, take zuwa, ta tarar an cika tabarmi.

Ita da rubutu da ma ba sa ga maciji. Mijinta Isufu sana'arsa ke nan, yana zama gindin bishiyar bedi yana rubuta wa mutane wasiƙa. A zamanin soja, shekarar yunwa, wasu ƙauyawan Kurfai suka sa shi ya rubuta musu kuka a kan hatsin agaji da bai iso su ba. Kwana uku bayan nan ya fita da safe, bai dawo ba. A lokacin ko a ɗakinka ba ka tambaya da ƙarfi. Daga baya Magagi, mai gadin mangaza, ya zo har ƙofar gida ya ce an ga Isufu a Baleyara ya hau motar Najeriya. Shekara goma sha bakwai ke nan. Mutumin da ya rubuta wa rabin gari wasiƙa, ita ko layi ɗaya bai aiko mata ba. Ta tsine masa har bakinta ya gaji, ta rena 'yarsu a kan cewa ubanta gudu ya yi.

“Gobe baƙi za su zo daga Yamai su ga ajinmu,” in ji Madam Muna tana tattara alli. “Baba Magagi, in an tashi a sake shafe bangon nan, ya yi muni.”

Magagi ya ɗaga kai daga bayan aji. Shi ma ɗalibi ne, kuma kowa ya san shi ne kurar baya. Wata biyar, har yanzu sunansa yake kokawa da shi. Bai taɓa fashi ba ko rana ɗaya.

Aka watse, Madam ta tsaya waje tana gyara zaman littattafai a bayan babur ɗinta. Hadari ya haɗo daga gabas, ɗakin ya yi duhu-duhu. Rabi ba ta tashi ba. Ta sa farce ta ɓanɓare farar ƙasar, ta ga an shafa ta sau da yawa, wata kan wata. Da ƙusa aka yi rubutun, an danna shi sosai. Ta ɗora yatsa a kan harafin farko, bangon ya yi mata sanyi har gwiwar hannu.

“I... su... hu,” ta faɗa yadda bakinta ya saba. Sai ta ji kamar an ƙarasa tare da ita. Ta waiwaya, ba kowa sai Magagi a bakin ƙofa, da bokiti a hannu ɗaya, buroshi a ɗayan.

Tsoro ya kama ta. Ta ce wa ranta Isufu nawa ne a ƙasar Kurfai. Amma yatsan bai tsaya ba. Kalma ta biyu gajera ce. Ta ukun kuwa ba ta sha wahalarta ba, ita ce kalmar da ta fara koya a ajin nan. Isufu na Rabi.

A ƙasa da wannan akwai ƙananan zane a jere kamar haƙoran mataji, biyar-biyar. Ta bi su da yatsa har arba'in da ɗaya.

“Shekara duka nika shahe shi,” in ji Magagi daga bayanta. “Ruwa na sauka shi hito. Na sa ƙasa, na sa siminti, shi hito. Rabi, don Allah mi yac ce?”

“Kai da kac ce an gane shi Baleyara?”

“Mi yac ce? Shi na zo koyo, kaina ya ƙi ɗauka. Da sunana ciki?”

Saura layi ɗaya, ya karkace kamar hannun ya gaji. Ta daɗe a kansa. Tana haɗa harafi da harafi, ta ɓace, ta koma farko. Ruwa ya fara buga kwano ɗaya-ɗaya. Da ta gama, sai ta karanta masa da ƙarfi, yadda Madam ke son a yi.

“Ba ni da lafiya. Magagi zai gaya miki.”

Tsohon ya ajiye bokitin, ya zauna a daɓe kamar an yanke masa igiya.

“Nan sunka aje shi, masu kaki,” ya ce. “Ni ka ba shi ruwa ta ƙarƙashin ƙohwa. Ya ce in hwaɗa miki, na ce to. Zazzaɓi yak kashe shi, ranar wata Laraba da hantsi. Mu uku munka rufe shi bayan dutsi, mun yi mai salla. Sannan anka ce in ce Baleyara, in ko ba haka ba in shiga inda yah hito. Ina da ɗiya shidda, Rabi.”

“Soja sun tahi tuni.”

“Sun tahi. Ni kunya tat tsare ni.”

Ta jira ta ji fushi ya taso, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne tunanin tsinuwar da ta yi ta aikawa Najeriya, alhali mutumin yana kwance bayan dutsen da take gani kullum daga ƙofar gidanta. Kwana arba'in da ɗaya yana nan, tana wucewa ta bayan bangon nan da tallanta a ka. Ta shafa sunan da tafin hannu, ta yi masa addu'a a hankali. Wannan karon ba wata murya da ta biyo bayan tata.

Ta miƙe ta ɗauki allonta.

“Kada ka taɓa bangon ga,” ta ce. “Baƙi su gane shi hakanan. Gobe da sahe ka kai ni wurin.”

Magagi ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

A waje Madam Muna ta fake a ƙarƙashin rumfa tana jiran ruwa ya tsagaita. Rabi ta kwance 'yan kunnenta, ta ƙulle su a bakin zane, sannan ta miƙa mata allon.

“Madam, aje min wanga. Ba ni zuwa sai bayan wata huɗu da kwana goma.”

“Inna Rabi! Ke da na sa ki karanta wa baƙi gobe? Takaba kuma? Wa ya rasu?”

“Mijina.”

“Inna lillahi. Yaushe?”

“Yanzu saƙon ya iso,” in ji Rabi. Ta ja mayafi ta rufe kai, ta shiga cikin ruwan.