Aljihun Baba Likita

"Daina kallona haka, 'yata. Ƙwannafi ne kawai," in ji Baba Likita, hannunsa dafe da ƙirji. "Zauna. Layi ne, kowa sai ya bi."

Tela, maƙwabciyarsa mai ɗinki, ta zauna kusa da shi a bencin asibitin, amma idonta bai zauna ba. Shekara da shekaru suna gidan haya ɗaya, ƙofarsa na kallon tata, ba ta taɓa leƙo sashen gaggawar nan da ke haɗiye mata maƙwabci kullum ba. Abin da ta sani na aikinsa bai wuce farar rigarsa ba. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya miƙo mata ita, aljihu a yage, ya ce, "Ɗinke min, amma sama-sama. Kada ki ƙarfafa." Ta sha tambayarsa dalili, sai ya yi dariya ya wuce.

Yau ma rigar tana kan keken ɗinkinta. Ta zura zare ke nan ta ji faɗuwar kofi a ɗakinsa, ta tarar da shi jingine da bango, gumi ya jiƙa masa wuya. Ita ta taro tasi. Ranar hutunsa ce kuwa, wadda ya daɗe yana ɗoki.

Wurin ya fi kasuwa cika. Wasu a benci, wasu a ƙasa, fanka tana juya zafi kawai. Wata nas da kowa ke kira Sista tana bi tana ɗaura wa mutane zare mai launi a wuyan hannu: ja ga wanda za a shigar yanzu, kore ga wanda zai iya jira. Tana ganin Baba Likita ta tsaya cak.

"Ranka ya daɗe! Kai ne a benci? Taso mu shiga."

"Gado nawa ya rage a ciki?"

"Ɗaya."

"To ba ni kore." Ya zare shi daga hannunta ya ɗaura da kansa. "Ni na kafa dokar nan, ni zan karya ta?"

Sista ta buɗe baki za ta yi musu, sai jiniyar motar asibiti ta katse ta. Ta ruga waje tana waiwayensa.

Wani ƙato da ya naɗe hannunsa da tawul yana ta kururuwa, yana zagin kowa da kowa. Tela ta matso.

"Baba Likita, me ya sa ba za su fara da wancan ba? Ai zai mutu."

"Wannan? Zai binne mu duka." Ya yi murmushi, murmushin ya tsaya a rabi. "Mai ihu yana da numfashi, 'yata. Mu a nan mai shiru muke tsoro. Duba can lungu."

Wata matashiya ce jingine da kafaɗar mijinta, kore a hannunta, leɓenta ya yi fari fat. Ba ta nishi, ba ta motsi.

"Tun da muka zo take riƙe da gefen cikinta. Yanzu hannun ya saki. Maza nemo Sista, ki ce ni na ce a ba ta gadon nan."

"Kai fa?"

"Aikenki na yi ko shawara na nema?"

Ta tafi. Kafin ta dawo an tura matashiyar ciki, mijin yana bin gadon da takalmanta a hannu. Ƙofar ta rufe.

Can sai ga wani ƙaramin likita ya fito da sauri, idanunsa jajir don rashin barci. Wata tsohuwa ta miƙa hannu daga ƙasa ta cafke aljihun rigarsa.

"Ɗana, ni fa? Tun safe nake nan."

"Ana zuwa, Iya, ana zuwa." Ya kau da kai, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya wuce.

Tela ta ji abin har ƙashinta. Ta juyo a hankali.

"Ashe haka aljihunka yake yagewa."

"Kin gano ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Dole in wuce, akwai wanda ya fi ta bukata a ciki. Amma ɓamɓare yatsun nan ne ban taɓa iyawa ba. Gara rigar ta yage, in tafi, ita kuma ta ga ta riƙe wani abu."

Don kada ta yi kuka sai Tela ta kama surutu. Ta ce lallai ya cika dabara, shekaru tana zaton ƙusa ce a ƙofar ofishinsa. Ta ce in sun koma gida sai ya biya ta kofin da ya fasa, don nata ne ya ara bai mayar ba. Ta jira ya ce mata mai rowa, kamar yadda ya saba.

Bai ce ba.

Ƙaton nan yana ta ihunsa. Baba Likita kuwa kansa ya jingina da bango, hannun da ke dafe da ƙirji ya sauka kan cinya, a buɗe.

Ba ta san ta tashi ba. Ƙaramin likitan yana dawowa ta damƙi aljihunsa da hannu biyu. Ya ja, ɗinkin kamfani ne mai ƙarfi, bai yage ba.

"Ana zuwa, Anti..."

"Ya yi shiru! Malaminku ne, ya yi shiru!"

Ya kalli bencin, fuskarsa ta canza. "Sista! Kawo na'ura!"

Babu gado. Nan ƙasa suka kwantar da shi, tsakanin ƙafafun masu jira. Ƙaramin likitan ya durƙusa yana danna masa ƙirji, yana cewa, "Haba Malam, haba Malam," kamar mai roƙon alfarma. Har ƙaton ya haɗiye ihunsa. Suka daɗe a haka, wani ya gaji wani ya karɓa, har Sista ta dafa kafaɗar ƙaramin likitan, ta girgiza masa kai. Ta tsinke koren zaren da almakashi, ta tsaya tana kallonsa a tafin hannunta.

Tela tana zaune a bakin ƙofa mijin matashiyar ya fito, takalman na hannunsa har yanzu, yana tambayar kowa ina dattijon nan na benci, wai matarsa ta buɗe ido.

Da la'asar ta isa gida. Ta share fasassun kofin, ta jawo masa ƙofa. Rigar tana nan kan keke, zare a zure. Ta ɗora ƙafa za ta taka, sai ta fasa. Ta ɗauko allurar hannu, ta koma bakin taga inda rana ta rage, ta shiga ɗinke aljihun, sama-sama.