Madafar Baba

Yayana ya iso da motar haya, an ɗaure masa wani jan inji a baya da igiya. Ina kan keken ɗinki na ji ƙarar hon, na leƙa ta taga, sai ga shi ya fito sanye da takalmin roba har gwiwa, sabo fil, ko takardar farashi bai cire ba. Mutumin da rabonsa da gidan nan tun ana zaman makokin Mama, yau shi ne da safar hannu da tabarau na aiki. Na ce a raina, to, yau kuma da wace aka zo?

A gidanmu Manaja muke ce masa, don tun yana yaro ya iya sa mutane aiki yana tsaye. Ya rungume Baba, ya ce mini, "Auta, kin rame," sannan ya sa direba da maƙwabcinmu suka sauke injin, shi yana nuna musu inda za su kama.

Injin yankan ciyawa ne, amma ba irin na filin ƙwallo ba. Wannan ƙato ne, tayoyinsa manya masu ƙusoshin roba, da wata faffaɗar wuƙa a ƙarƙashi mai juyawa. Mutum yana binsa a baya ya riƙe hannaye biyu, ya matse liba, injin ya ja kansa da kansa. Yaya ya ce itacen da bai wuce kaurin hannu ba, tauna shi yake kamar rake.

"Na zo in hutar da Baba," in ji shi. "Wannan dajin na bayan gida abin kunya ne. Tsoho da adda kullum, mutane su ce ba shi da 'ya'ya?"

Bayan gidanmu gangare ne mai tsayi, duk ciyawa da ƙaya da ƙananan itatuwa. A samansa akwai wani ɗan titi, a bakin titin kuma rumfar Mai Agogo, abokin Baba tun suna samari. Shi Mai Agogo ƙafarsa ɗaya ta mutu, jikarsa ke turo shi rumfar a keken guragu da safe ta mayar da shi da yamma, saukowa ba tasa ba ce. Ta babbar hanya kuwa zagaye ne mai nisa, ga motoci, ga gwiwar Baba da ba ta yarda da tafiya. Don haka Baba ya yi wa kansa hanya ta cikin gangaren. Shekara da shekaru yana sassabe da adda, amma yana barin wasu itatuwan a tsaye, ya datse kansu daidai ƙugu, ɗaya nan ɗaya can, yadda in ya saki wannan hannunsa zai kai ga na gaba. Saboda yawan kamawa har sun yi sumul, suna sheƙi. Da su yake hawa kullum bayan ya ci abincin rana, su zauna su yi ta musu a kan rediyo da tsadar batir, ya sauko kafin rana ta faɗi. Tun da Mama ta rasu, wannan hawan ne kaɗai ke sa shi ya nemi hularsa.

Na bi Yaya har bayan gida yana zuba fetur.

"Yaya, ka ga sandunan nan da aka datse? Kar ka taɓa su. Madafar Baba ce."

Ya duba gangaren sama-sama, irin duban da yake yi wa abincina.

"Wane sanduna kuma? Auta, ke dai ki koma kan kekenki. Na kalli yadda ake yi a waya, na gane komai."

"Ni dai na faɗa maka."

"Na ji, na ji. Riƙe mini wayar nan, ki ɗauke ni da kyau. 'Yan'uwa za su gani."

Na ƙi karɓa. Ya jingina ta a kan katanga da dutse, ya gyara ta, ya koma ya duba ko yana fitowa, ya sake gyarawa. Wallahi lokacin da ya ɓata a kan wayar nan ya fi wanda ya ɓata yana gaida mahaifinsa.

Na koma wurin Baba na ce ya yi masa magana da bakinsa. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba a bakin ƙofar baya, fuskarsa fal farin ciki don ɗansa ya zo. Ya ce, "Bar shi, ai yana da ido. Ciyawar zai rage mini." Haushi ya kama ni. Ni da nake wanke masa kaya, nake shafa masa man zafi a gwiwa, maganata ba ta kai ta mai sabon takalmi ba.

Yaya ya ja igiyar tayarwa, injin ya yi tari ya mutu. Ya ja, ya mutu. Ya fara zagin waɗanda suka ba shi hayar injin, sai maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce ko ya buɗe makunnin mai? Ya buɗe, ya ce dama yana gwadawa ne. Da injin ya tashi, gidan duka ya ɗauki rawa, kajin maƙwabta suka watse. Yaya ya ɗora wasu manyan marufan kunne a kansa, daga nan kuma duniya ta rabu da shi.

Ya fara daga ƙasa yana yanka a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan, injin ya karkace, shi ma ya karkace, yana binsa da gudu-gudu. Ba shi ke tuƙa injin ba, injin ke yawo da shi. Amma abin yana ci, ba ƙarya. Ƙaya, ciyawa, tsohuwar leda, duk ya niƙe ya fesar. Wani dutse ya yi tsalle ya bugi kwanon banɗaki, Yaya ko waiwaye. Layi na farko ya wuce lafiya. A layi na biyu ya nufi sandar farko, wadda Baba ke fara kamawa.

Na yi ihu, "Yaya! Tsaya!"

Ƙas! Sandar ta tafi.

Baba ya miƙe daga kujera, abin da ba ya yi sai an ba shi hannu. Ya ɗaga hannaye biyu yana kaɗawa, bakinsa yana motsi, ƙarar injin ta haɗiye muryarsa. Yaya ya hango shi, ya washe baki, ya ɗaga masa babban yatsa. Na haura da silifas ina zamewa, ina daf da Yaya wani guntun itace ya fallo ya tsaga mini ƙauri, jini ya fara zuba. Ya kore ni da hannu, wai in matsa kar in ji ciwo. Na tsaya riƙe da ƙafa ina kallo, yana hawa layi-layi, ƙas, ƙas, har ya kai gindin rumfar Mai Agogo.

Kafin rana ta karkata gangaren ya zama tas, ba abin da ya fi idon sawu tsayi. Yaya ya sauko yana haki, ya cire marufan kunne, ya buɗe hannaye.

"Baba, ka gani? Aikin da kake wata da watanni kana yi!"

Baba ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya ce, "Sannu da aiki. Allah ya yi albarka."

Ni kam ban iya ba. Na ce, "Ka yanke masa madafa. Da me zai hau wurin abokinsa? Da babban yatsanka?"

Ya ɗan yi turus, na rantse na ga abin ya taɓa shi, amma bai kai ƙiftawar ido ba ya murmure.

"Haba, wannan ai ƙaramin abu ne. Matakala zan sa a yi masa, ta siminti, da ƙarfen dafawa. Wata mai zuwa."

Famfon gidan nan ma wata mai zuwa ne. Rufin kicin da ke yoyo a kan tukwanena, shi ma wata mai zuwa ne tun Mama na da rai. Ya ci abinci, ya wanke takalminsa, aka ɗaure masa injin, ya tafi don masu haya suna rufewa da wuri.

Washegari wayata ta yi ta ƙara. Yaya ya tura bidiyon a zauren 'yan'uwa na waya, ya rubuta a ƙasa: "Ku ga yadda Baba ke murna." Ga Baba nan a ciki, hannaye biyu sama. Kowa yana sa albarka, wata goggonmu har ta ce ta yi hawaye. Na kife wayar a kan keke.

Bayan abincin rana na ji Baba yana neman hularsa. Na bi shi a hankali. Ya je gindin gangaren, ya ɗora ƙafa inda ya saba, ya miƙa hannun dama bai ko duba ba. Hannun ya rufe a kan iska. Ya yi tangaɗi, na tare shi ta baya. Ya ce in sake shi, ba abin da ya same shi.

Na ba shi kafaɗata muka gwada tare. Yankakkiyar ciyawar santsi gare ta, ba mu yi nisa ba gwiwarsa ta ƙi, ni ma ƙaurina ya ƙi. Muka sauko da baya da baya.

Ya shiga gida, na ɗauka kwanciya zai yi. Sai ga shi ya fito da buta cike da ruwa. Ya sunkuya da ƙyar, ya share ciyawa da yatsa har ya gano ɗan kututturen sandar farko, ya fara tsiyaya masa ruwa kaɗan-kaɗan. Itacen da sai da ya yi shekaru kafin ya kai ƙugunsa.

Daga can sama, yanzu da ba abin da ya kare, ana ganin Mai Agogo a kujerarsa, ya ajiye benci a gefensa babu kowa. Ya haɗa hannaye a baki ya ƙwala kira.

"Kai tsoho! Yau ba ka zuwa ne?"

Baba ya ɗago, butar na hannunsa.

"Ina aiki!" ya ce da iyakar muryarsa. "Ka ajiye mini wurina, sai sun tsiro!"