Ranar da Hajiya Hasanatu ta shiga ajin kwamfuta

Hajiya Hasanatu ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta san rainin hankali in ta gan shi. Jikarta Ulfa kurma ce tun zazzaɓin da ya kama ta tana ƙarama, da kallon leɓe take gane magana. Yanzu tana karatu a wata kwaleji a unguwar Setapak, can ƙasar waje inda Hajiya ke zaune da su, kuma darasi ɗaya aka mayar ta intanet. Malamin ba ya kunna kyamara, ba ya sa rubutun da ke bin magana a ƙasan allo. Ulfa sai ta zauna tana kallon baƙin allo har a tashi. Jarrabawa ta ƙarato, in ta faɗi, tallafin karatunta ya tafi.

Uban yarinyar, Abdulgani, mai neman digiri na uku a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai, ya rubuta ƙorafi cikin ladabin da ya kusa zama roƙo, ya ambaci dokar naƙasassu ta ƙasar. Kwalejin ta amsa cewa ai ta gina gangaren keken guragu a ƙofar ɗakin karatu. Bayan nan suka kira Ulfa a waya don jin damuwarta. A waya!

Hajiya ta ce wa ɗanta duk takardun da ya tara ba su sa masa baki ba. Ya ce a bi a hankali, ƙasar mutane ce. Ta ce kuɗin makarantar da suke karɓa ma na mutane ne, kuma ƙafar yarinya lafiyarta ƙalau, su je su hau gangarensu.

Ranar darasi ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta jawo kujera gaban kwamfuta.

"Matsa, ƙawata. Nuna min inda ake taɓawa su ji ni."

Ulfa ta kalli bakin kakarta, sannan ta taɓa.

Hajiya ta yi sallama ta fara, da Hausa tsantsa. Ta tambayi malamin ko bashi ake bin sa da yake ɓoye fuska. Ta ba su labarin zazzaɓin, da yadda yarinyar ta koyi Turanci daga leɓunan mutane, abin da shi da kunnuwansa biyu ba zai iya ba. Ɗalibai suka fara kunna kyamarorinsu don su ga wace ce. Malamin ya yi ta cewa a yi haƙuri, a ƙarshe ya kashe mata murya.

Ba ta daina ba. Bakinta na motsi, yatsanta na nuni, babu mai jin komai. Ulfa ta rubuta wa ajin cewa abin da suke gani yanzu ya fi abin da take samu kullum, domin su aƙalla ga baki suna gani.

Can kyamarar malamin ta buɗe. Ashe yana zaune a shagon shayi da suke kira mamak, ga kofin shayi, ga farantin gurasar roti a gefe. Wata ɗaliba ta faɗa masa inda zai danna. Ya danna, rubutu ya fara gudu a ƙasan allo.

"Wannan ne?" in ji Hajiya. "Danna ɗaya? A kan wannan ubanki ya ƙarar da Turancinsa?"

Ta ce a gaya masa saura darussan baya da ya naɗa, ya sa musu rubutu kafin jarrabawa, in ba haka ba mayafinta na nan a rataye. Ulfa ta rubuta, malamin ya amsa da sauri da yarensu: boleh, boleh, wato zai yiwu.

Hajiya ta buɗe baki za ta ƙara, Ulfa ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwayo ba.

"Hajiya, don Allah. Ana karatu."