Tabar Inna A'i

Abdulnasir ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya faɗa rumfar Ɗan'azumi mai taba kamar wanda zai shiga gidan boka. Direba ne sananne a tashar Birnin Kudu, ga shi kwanan nan aka ɗora masa shugabancin kwamitin masallacin unguwa, don haka ko inuwarsa ba ya so a gani a layin masu taba. Ya tsuguna, ya kwance baƙar ledar da ya ɓoyo cikin babbar riga.

"Malam, taimako za ka yi mini. Tabar lofe ce, kala uku a ciki. So nake a raba su."

Ɗan'azumi ya ɗebi kaɗan, ya murza, ya kai hanci, ya kwashe da dariya.

"Wa ya yi wannan aika-aikar, Alhaji? Yaro?"

"Yaro ne," in ji Abdulnasir, kansa a ƙasa.

Yaron kuwa shi ne da kansa, da gemunsa da furfurarsa. Jiya 'yan kwamiti suka ce sai sun je Farin Dutse duba mahaifinsa, Malam Sabo, wanda yanar ido ta zaunar a gida. Abdulnasir ya sauke su a zaure, ya shige ciki don ya kimtsa ɗakin. Tsohon yana banɗaki. Can ya ga lofe a kan shimfiɗa, ga 'yan tukwanen taba guda uku, kowace a kusurwarta, an rufe bakinta da fata an ɗaure da igiya. Me za a ce gobe a masallaci? Nan take ya juye su duka a leda ɗaya, ya cusa tukwanen bayan rumbu, ya fita ta ƙofar baya ya jefa ledar a but ɗin mota. Baƙi suka shiga, suka yi addu'a, suka yaba da tsabtar ɗakin. Ya dawo da su Birnin Kudu yana jin daɗin dabararsa.

Da safe ƙanwarsa Mas'uda, wadda ke kula da tsohon, ta bugo waya.

"Yaya, Baba sai lalube yake yi yana neman tukwanensa. Na ce ka ɗauke su ne saboda baƙi. Don Allah ka lallaɓa ƙaramar, ka san ta Inna ce."

Ya sani mana. Gaggawa ce da tsoron idon mutane suka mantar da shi. Mahaifiyarsu, Inna A'i, ita ke shuka taba a bayan gida, ta shanya a inuwa, ta shafa mata zuma da hannunta. Abin da ke cikin ƙaramar tukunyar shi ne na ƙarshe da ta haɗa kafin rasuwarta. Malam Sabo ba ya shan ta. Baƙa mai ƙarfi ta kasuwar Gwaram yake sha da rana, mai kanumfari da yamma. Ta Inna kuwa buɗewa kawai yake yi, ya shaƙa, ya mayar da murfi.

"Ba ta rabuwa," in ji Ɗan'azumi, yana kakkaɓe hannu. "Taba ba ta da sirri, Alhaji. Ko tukwane daban ka sa, in murfi bai kama ba, sai ɗaya ta ɗauki ƙamshin ɗaya. Balle leda guda. A ina ta kwana?"

"A but."

"Cikin zafin nan? To ai an gama. Baƙar da mai kanumfarin ina da su, in auna maka sababbi. Amma akwai wata mai zuma da nake ɗan jiyowa can ƙasa-ƙasa. Wannan haɗin gida ne, ba a sayar da irinta."

Abdulnasir ya sayi biyun. Yanzu da aiki ya riga ya ɓaci, sai ga shi ya iya taka-tsantsan: ɗaya ya sa a gaban mota, ɗaya can a baya, kowace da ledarta biyu. Bai ɗauki fasinja ba. A kan hanyar Gwaram ya tsaya gindin wata tsamiya, ya baza gaurayayyiyar a kan kwali, ya dinga tsince silayen da suka fi haske da tsinken ashana. Duk motar da ta wuce sai ya juya baya. Ya tara abin da bai cika tafin hannu ba, ya shaƙa. Kanumfari ne kawai ke tashi. Kunya ta kama shi har ya ji kamar ya nutse a wurin.

Bayan la'asar ya isa. Mas'uda ta ɗauko tukwanen daga bayan rumbu inda ya nuna mata, ta ga 'yar tsintacciyar da yake zubawa a ƙaramar, ta dube shi, ta koma madafa. Ya ɗaure kowace, ya kai ɗaki.

"Baba, ga kayanka."

"Madalla. Baƙinka sun isa gida lafiya? Mutanen kirki. Ka yi daidai da ka kawar, ɗana, kai yanzu babba ne. Miƙo mini ƙaramar."

Ya miƙa da hannu biyu. Tsohon ya kwance igiyar a hankali, ya sunkuya, ya ja numfashi. Ya daɗe a haka. Ya goge hanci da bakin riga, ya sake shaƙa, ya sake. Sannan ya ajiye tukunyar a cinya.

"Ikon Allah," ya ce. "Yau ban ji ta ba, Nasiru. Ido ya tafi, ashe hancin ma zai bi shi."

Abdulnasir ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce, ba ta da wuya. Ya dubi fuskar tsohon, ya dubi tabarma.

"Wataƙila mura ce, Baba," ya ce.

"Wataƙila," in ji Malam Sabo. Ya lalubo fatar, ya rufe tukunyar, ya ɗaure ta tamau. "Mayar da ita kusurwarta, nesa da sauran. Gobe na sake gwadawa."