Garejin da Ya Kalli Katangar Malam Hammadu

Shekarar da Bappayo ɗan ƙanena ya sayi Fijo, ya ce ba za ta ƙara wuni a rana ba. Ya samu fili a sabuwar unguwa ta hanyar Misau, ya sa Cornelius mai zanen gidaje ya zana masa gida irin na Turawa: falo, kicin a ciki, banɗaki a ciki, da gareji mai kallon titi. Ya bar mini tsaron aikin, ya tafi Legas sarin kaya.

Ranar haƙa harsashi, Ya'u magini ya shimfiɗa takardar a ƙasa, ya danne ta da duwatsu. Na sa ya nuna mini banɗaki. Na dubi rana, na dubi takarda.

"Ya'u, wanda ya zauna a kan wannan abin, ina ya fuskanta?"

"Alƙibla, Baba."

"To ba a gidan ɗana ba. Juya takardar."

Ya murɗa ta gefe guda, banɗaki ya kalli kudu. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Baba, garejin fa..."

"Ni banɗaki na tambaye ka."

Sai da aka buga kwano Bappayo ya dawo. Ya tarar ƙofar gareji na kallon katangar maƙwabcinsa Malam Hammadu, tsakaninsu taku biyu. Ya zauna a kan bulo, ya aika aka kira Cornelius. Shi kuma ya zaga gidan sau biyu, ya cire tabarau.

"Baba, ai da kujerar banɗakin kawai kuka juya."

"Kai da ka yi boko, me ya hana ka juya ta tun a takarda?"

Ya maida tabarau, ya kama hanya. Yaran yanzu ke nan.

Malam Hammadu mutumin kirki ne. Ya yarda a fasa katanga, mota ta riƙa bi ta tsakar gidansa, ta ƙofar da amalanken shanunsa ke fita. Amma ya ce gida ne mai iyali, ba a ratsa shi sai da sallama.

Yanzu kullum da safe Bappayo kan leƙo da kai ta taga ya ce, "Salamu alaikum, mota za ta wuce." Sai ya jira Hajiya Ya Gana, matar Malam Hammadu, ta kwashe tabarmi, ta kore kaji, ta janye turmi. Ranar da ta shanya barkono kuwa, takan ce, "Sai la'asar, Alhaji."

A irin wannan ranar, Fijo takan wuni a inuwarta lafiya lau, Bappayo ya hau acaɓa.