Kwaɗon Siton Kawu

Kawu Bubayero, ƙanin mahaifiyata, ya shiga kwale-kwale da damina lokacin da kogi ya cika, bai dawo ba. An samu kwale-kwalen a kife can ƙasa da Katagum, shi kuwa ba a same shi ba. Liman ya ce a yi masa addu'ar mamaci, matarsa ta ƙi. Makullin sitonsa yana ɗaure a zariyar wandonsa, yadda ya saba, ya tafi da shi.

Da rani ya shigo, albasar fadama ta fara neman ruwa, injin ban-ruwa kuma yana kulle a cikin siton. Shi ya sa ɗansa Maikuɗi ya kira ni daga Azare, inda nake gyaran kwaɗo da yankan makulli a bakin kasuwa.

Na tarar da shi riƙe da guduma, Goggo matar Kawu ta zauna a bakin ƙofar siton ta miƙe ƙafa.

"Uzairu, yi mata magana," in ji Maikuɗi. "Bugu ɗaya ne fa. Albasa na mutuwa."

"Ba za a fasa kwaɗon nan ba," in ji Goggo. Ba ta ɗaga murya ba. "In ya dawo da makullinsa, me zai buɗe?"

Na tsuguna na duba kwaɗon. Tsoho ne, mai nauyi, ruwan damina ya ci shi. Na ce, "Goggo, zan buɗe shi ba tare da na ji masa ciwo ba. A ɗauki injin, a mayar da kwaɗon yadda yake."

Sai dai kayan aikina na yanka ne, ba na buɗewa ba, dole in nemi ƙarfen da zan gyara. Na fara da wayar ƙafar keke, na daka ta ta yi faɗi, amma tana shiga sai ta lanƙwashe. Wani maƙeri ya ba ni guntun zarto, na ɗan matsa shi da yatsa ya karye. Na ji tsoro, don in irinsa ya karye a cikin ramin, makullin Kawu ba zai ƙara shiga ba.

Na hau mota na koma Azare, wajen Ya'u bakanike.

"Kai kuma ɓarayi ka shiga?" in ji shi yana dariya.

Da na gaya masa dalili sai dariyar ta tsaya. Ya tona tarin shara a bayan garejin, ya zaro tsohuwar waifar gilashin mota, ya yage robar. A cikinta akwai siririn ƙarfe mai sheƙi, in ka lanƙwasa shi ya dawo. Ya ce, "Gaishe min da tsohuwar."

Na goge ƙarfen da magagari a hankali har ya yi santsi, na koma Katagum washegari da hantsi. Goggo na nan inda na bar ta, kamar ba ta tashi ba. Na ɗiga mai a kwaɗon, na yi bisimilla. Na daɗe ina lallaɓa shi, gumi na zuba, Maikuɗi na kai da kawo a bayana. Can sai na ji ya saki.

Maikuɗi ya shiga ya jawo injin. Goggo ta miƙo hannu na ba ta kwaɗon, ta juya shi ta ga babu ko ƙwarzane. Ta rataya shi da kanta, ta danna. Bai kama ba. Ta sake dannawa da hannu biyu, ya sake buɗe baki.

Na karɓa na duba. Tsatsa ta riga ta cinye abin da ke riƙe shi a ciki. Dama don ba a buɗe shi ba ne kawai yake riƙe.

"Ba zai koma ba?" ta tambaye ni.

Na so in ce zan gwada. Na ce, "Ba zai koma ba, Goggo."

Ta daɗe tana kallon cikin siton, inda tarun Kawu ke rataye da tsohuwar malafarsa. Sannan ta goge fuska da bakin mayafi.

"Maikuɗi," ta ce, "in ka kai injin, ka biya gidan Liman. Ka ce masa na yarda a yi wa babanku addu'ar."