Ƙidayar Baba Pandu

Kwalba ta tara ke nan Mwanakombo take sake ƙirgawa, kuma ita ma ta faɗa mata abin da ba ta son ji.

Shekara ashirin da shida, duk farkon wata, Baba Pandu yakan hau kwale-kwale daga tsibirin Unguja zuwa wuri guda a mashigin teku, ya ja raga mai ido ƙanana fiye da na rariya, minti goma cif. Abin da ya taru, wato 'yan mitsi-mitsin halittun nan masu yawo a ruwa da ƙananan kifi ke rayuwa da cin su, sai ya juye a kwalba da maganin hana ruɓewa, ya dawo cibiyar bincike ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Shi ya koya wa Mwanakombo aikin tun tana ɗaliba mai amai a jirgi. Yau ita ce Dakta, ita ce shugabarsa, amma har gobe in ta riƙe allurar rarrabewa a karkace sai ya ce, "Dakta, wannan ai riƙon cokalin shinkafa ne."

Shekara uku da suka wuce ƙidayar ta fara sauka. Manyan halittun suna nan, ƙananan ne ke raguwa wata bayan wata. Baba Pandu ya ɗauki abin kamar rasuwa a gidansa. Ya rame, ya daina barkwanci, a wurin mai gahawa ba shi da zance sai gaya wa masunta cewa teku yana mutuwa daga tushe, jikokinsu ba za su san kifi ba. Mwanakombo ta rubuta rahoto a kan haka. Wani mai duba rahoton, wanda ta sha yi wa tsaki a zuci, ya ce a sake ƙirga kwalabe goma da wani idon.

To, ga wani idon. Tsofaffin kwalabe, lissafinta da nasa kamar an tsaga kara. Na shekara ukun nan kuwa, inda ya rubuta sittin, ita ɗari uku take samu. Halittun ba su je ko'ina ba. Shi ne ya daina ganinsu.

Rahoton bai dame ta ba, wallahi, takarda ce. Abin da ya hana ta sakat shi ne mutumin. Ta so ta gyara alƙaluman a ɓoye ta yi shiru, amma wata zai sake kamawa, zai sake zama ya ƙirga, ya sake tafiya gida da baƙin cikin abin da bai faru ba.

Da safe Baba Pandu ya shigo da mandazi, wani irin fanke, a takarda, ya ajiye mata biyu. Ta zuba samfurin watan jiya a 'yar tasar gilashi.

"Baba, don Allah ƙirga min wannan."

"Na ƙirga shi ai. Ko yau ɗaliba ce za ta yi wa malaminta jarrabawa?"

"Ka dai ƙirga."

"Ido ba mudu ba ne, 'yata, amma ya san kima," ya ce, ya ja kujera.

Ya ɗauki lokaci, leɓɓansa suna motsi. Ita kuwa tana tsaye a bayansa tana kallon furfurar ƙeyarsa, zuciyarta kamar ta fashe don tausayi.

"Sittin da biyu." Ya ɗago. Sai ya ce, "Ke nawa kika samu?"

"Ɗari uku da arba'in, Baba."

Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ya zaro hankici ya goge gilashin madubin, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ƙara haske har ƙarshe, ya sake sunkuyawa. Ya daɗe a haka.

"'Yan ƙananan nan masu gashin baki biyu," ya ce ba tare da ya ɗago ba, "suna ciki?"

"Sun cika tasar."

"Har masu ɗauke da ƙwai?"

"Har su, Baba. Duk kwalaben haka suke."

Ya jingina da kujera, ya dafa gwiwoyinsa. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

"Alhamdu lillahi. Ashe teku lafiyarsa lau. Ni ne."

Ta fara zancen asibiti, da cewa yanar ido ce ƙila, ana cirewa. Ya ɗaga mata hannu.

"Bari na fara zuwa wurin masunta tukuna. Shekara uku ina tsorata bayin Allah, bakin da ya faɗa shi zai warware."

Ya tashi ya nufi ƙofa. Hannunsa ya kai ga katako, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, sai a na uku ya sami mariƙin. Ba yau ya fara ba, hannun ya saba da laluben. Shekara uku yana yin haka a gabanta kullum, ita mai lafiyayyen ido, ba ta taɓa gani ba.